Kayan koyon buɗe kwaɗo ba da makulli ba: abin da na tarar a kwalin da abin da aka bari a waje

Wata huɗu ke nan da wani ɗan kwali ya iso gidan da nake haya a Jidda, ɗauke da kayan da ake sayar wa masu sha'awar koyon buɗe kwaɗo ba tare da makullinsa ba. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta ra'ayina a kansu shi ne, tun daren da na nuna su a majalisarmu ta bayan sallar isha'i, mutum uku sun tambaye ni inda ake samunsu da nawa ake sayarwa, amma babu wanda ya tambayi kwaɗon wa ya halatta a taɓa da su. Ba na zargin kowa, domin ni ma ban yi wa kaina wannan tambayar ba ranar da na biya kuɗin, sai da ƙofar ɗakin ajiyata ta yi mini ita.

Na yi odar kayan ne daga wani shago na intanet a kan kuɗin da bai kai riyal 100 ba, suka iso cikin mako guda. A cikin kwalin akwai 'yar jaka mai zif wadda aka yi da roba mai kwaikwayon fata, da siraran ƙarafa 15 masu baki iri-iri, da ƙarafan murɗi 4 masu siffar kusurwa, sai kwaɗo ɗaya da cikin kuba ɗaya, wato ɓangaren kubar ƙofa da ake zura makulli a ciki, dukansu an yi jikinsu da roba garai-garai yadda mutum zai riƙa ganin abin da ke motsi a ciki. Akwai kuma takarda guda da aka ninke gida huɗu, mai zane-zane da bayani cikin Turanci da Sinanci, wadda zan dawo kanta domin a nan ne babban ƙorafina yake.

Kafin a fahimci amfanin kayan, dole a san yadda kwaɗon yake aiki. Yawancin kwaɗunan da ke ƙofofin gidajenmu da shagunanmu suna bin tsarin da Linus Yale ƙarami, Ba'amurke, ya yi wa rajista a 1861 ya kuma inganta a 1865, bisa aikin da mahaifinsa ya fara. A tsakiyar kwaɗon akwai wani dunƙulen tagulla mai juyawa, wanda a cikinsa ake zura makulli, kuma an huda shi ramuka huɗu ko biyar ko shida a jere. Kowane rami yana ɗauke da fil biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan sifirin, wato 'yar naɗaɗɗiyar waya, da ke danno su ƙasa. Muddin babu makulli, fil na sama yana tsaye ne rabi a cikin dunƙulen rabi a jikin kwaɗon, ya zama sakata mai hana juyi. Haƙoran makullin da ya dace su ne ke ɗaga kowane fil zuwa daidai gwargwadonsa, har mahaɗar fil biyun ta zo daidai da iyakar da ke tsakanin dunƙulen da jikin kwaɗon, sai komai ya juya. Mai buɗewa ba da makulli ba yana cin moriyar wani ɗan kuskure ne da babu masana'antar da ta tsira daga gare shi: ramukan ba su taɓa zama a kan layi ɗaya cif-cif ba. Idan ya sa ƙarfen murɗi ya matsa kaɗan, fil ɗaya ne zai fara cijewa kafin sauran, sai ya ɗaga shi da ƙugiya, wato siririn ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, har ya ji ya zauna, dunƙulen ya ɗan gusa da abin da ido ba ya gani, wani fil ɗin ya cije, a haka har su ƙare.

A wajen nuna wannan, kwaɗon roba ya biya kuɗinsa. Na sha karanta bayanin ban gane ba, amma da na ga fil yana hawa a idona, na ga yadda yake maƙalewa idan na matsa da ƙarfi, na ga yadda na ƙasa ke zarce iyaka idan na ɗaga shi fiye da kima, sai komai ya fito fili cikin minti goma. Yaron maƙwabcina mai shekara 12 ya fahimci aikin makulli daga kallo ɗaya, abin da ni na kai shekara 40 ina juya makulli ban sani ba. Sai dai amfaninsa ba ya wuce kwana biyu ko uku. Roba ba ta isar da motsi zuwa yatsa yadda ƙarfe ke yi, ramukan sun yi sako-sako, kuma ido yana ƙwace aikin da ya kamata hannu ya koya. Ranar da na rufe shi da tsumma na gwada ba tare da kallo ba, na gane ban iya komai ba tukuna. Bayan mako uku jikin robar ya tsage a kusa da bakin makullin, wanda kuma ban yi mamaki ba, tun da kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ƙarafan kuwa yawansu ado ne. Cikin 15, uku kawai na ci gaba da amfani da su: gajeriyar ƙugiya, da wata mai ɗan zurfi, da ɗaya mai haƙora kamar manjagara wadda ake gogawa a kan fil duka lokaci guda. Sauran siffofi ne da aka ƙara domin jakar ta cika ido a hoto. An yanko su daga farantin ƙarfe ba a goge gefensu ba, har sai da na bi su da takardar yashi mai laushi kafin su daina kankare cikin kwaɗo, kuma ƙarfen yana lanƙwashewa ya ƙi komawa daidai idan aka ɗan matsa masa. Ƙarafan murɗin, waɗanda a gaskiya su ne rabin aikin, biyu sun yi kauri ga ƙananan kwaɗuna, ɗaya kuma yana zamewa. Wanda ya san abin da yake nema zai fi cin riba idan ya sayi ƙugiya biyu masu kyau da ƙarafan murɗi masu kauri daban-daban, ya bar jakar.

Yanzu ga takardar. Ta nuna yadda ake riƙe ƙarfe, ta nuna inda ake matsawa, har ta zana kibiya zuwa inda kwaɗo zai juya, amma babu jimla ko ɗaya a cikinta game da kwaɗon da aka yarda a gwada a kansa. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin masu wannan sha'awa a ƙasashen da ta yi ƙarfi ba su bar maganar ga son ran kowa ba. Ƙungiyar masu wasan buɗe makulli ta Jamus, wadda aka kafa a 1997, da takwararta TOOOL da ta fara a Holan a 2002 ta kuma yaɗu zuwa Amurka da wasu ƙasashe, duk suna fara koya wa sabon shiga ƙa'ida kafin su miƙa masa ƙugiya. Ƙa'idar farko ita ce kada mutum ya taɓa kwaɗon da ba nasa ba, sai fa idan mai shi ya ba shi izini a fili. Ta biyu ita ce kada ya gwada a kan kwaɗon da ake dogaro da shi, ko da nasa ne, saboda koyo yana lalata kwaɗo. Ko shahararren labarin da ake yawan kafa tarihin wannan fanni da shi a kan izini ya ginu. Joseph Bramah ya ajiye kwaɗonsa a tagar shagonsa da ke Landan tun 1790, da alkawarin tsabar zinariya 200, irin kuɗin Ingila da ake kira guinea, ga duk wanda ya buɗe shi, ya zauna sama da shekara 60 babu wanda ya iya, har Alfred Charles Hobbs ya zo daga Amurka a 1851 ya buɗe shi bayan aikin awa 51 da ya raba cikin kwana 16. Masu kwaɗon ne suka gayyata, aka sa sharuɗɗa, aka naɗa masu hukunci, sa'an nan aka biya shi. Babu wanda ya wayi gari ya tarar an taɓa masa ƙofa.

Ƙa'ida ta biyu ni da aljihuna na koye ta. A mako na biyu, da kwaɗon roba ya fara buɗuwa a hannuna cikin daƙiƙoƙi, sai na ji kaina ya fara girma, na dubi ƙofar ɗakin ajiyar da ke cikin sashen benen da nake haya na ce ai wannan ma tawa ce. Na zura ƙugiya, na matsa fiye da yadda ya kamata kamar yadda duk ɗan koyo ke yi, sai bakin ƙugiyar ya karye a can ciki ya maƙale tsakanin fil. Ƙofar ba ta buɗu ba, makullinta na gaskiya kuma ya ƙi shiga, alhali buhun shinkafa da akwatin da takardunmu ke ciki duk suna bayanta. Uwargida ba ta ce mini komai ba, kallon da ta yi mini ya wadatar. Sai a lokacin ne kuma na tuna cewa kubar ba tawa ba ce ma, ta mai gidan ce, ni haya kawai nake biya, wato na karya ƙa'idojin biyu da ƙugiya ɗaya.

Washegari na je wajen wani dattijo mai yankan makulli a yankin Bab Makka, Bahaushe ne haifaffen nan, daga cikin iyalan da kakanninsu suka zo aikin Hajji ta ƙasa ta Sudan suka zauna, Hausarsa tana gauraye da Larabci. Tun da bitar kaya nake yi, ya kamata in faɗi cewa hidimarsa ta fi duk abin da ke cikin kwalin daraja. Da muka isa gidan bai ciro ko da abu ɗaya daga jakarsa ba sai da ya sa aka kira mai gadin bene ya tabbatar masa ni ne mai hayar, sa'an nan ya ce a buga wa mai gidan waya a shaida masa za a canza cikin kubar. Na ce, "Baba, ai ka ga a cikin gidan nake, ga iyalina." Ya ce, "Ɗana, na gani, amma ƙofar ba ta zama taka ba don kana kwana a bayanta." Da mai gidan ya amince, ya gama aikin cikin ƙasa da rabin awa, ya miƙo mini tsohon cikin kubar da guntun ƙugiyata a ciki, ya ce tun da mai gida ya yafe shi, wannan ya zama nawa, in je in yi ta wasa da shi har in gaji. Kuɗin aikin da sabon cikin kubar sun zarce abin da na biya na kayan gaba ɗaya. Abin da kawai zan ɗan soka a shagonsa shi ne ba ya ajiye lokaci, ya ce bayan azahar sai ga shi dab da magariba.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ƙa'idar farko ba baƙuwa ba ce a wurinmu, Turawan sun iso ne inda aka daɗe da kai mu. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba na mutum ba sai ya nemi izini ya yi sallama, hadisi ingantacce kuma ya ce ana neman izini sau uku, in ba a bayar ba a juya. A garuruwanmu na gida, rubutun "ba shiga" da ke bakin zaure ko labulen da ke ƙofar ɗaki ba su da ƙarfin tare ko akuya, amma namiji baligi yana tsayawa a nan ya yi ta sallama. Kwaɗo ma haka yake, kafin ya zama ƙarfe magana ce ta mai shi cewa kada a shiga, kuma raunin ƙarfen ba ya soke maganar. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan abin da suka kira hirzi, wato wurin da aka killace dukiya, saboda killacewar tana canza hukuncin taɓa ta. Mu da ke zaune kusa da Makka kuma muna da misali a gabanmu: a shekara ta 8 bayan Hijira, ranar da aka buɗe garin, Manzon Allah (SAW) ya mayar wa Usman bin Ɗalha makullin Ka'aba, har yau kuma yana hannun danginsa, Banu Shaiba, kuma malaman tafsiri da yawa suna danganta aya ta 58 a Suratun Nisa'i, mai umarni da mayar da amana ga masu ita, da wannan lamari.

Inda abin ke da wuyar sha'ani ba wajen ƙofar baƙo ba ne, domin wannan kowa ya san haramun ce, wajen 'yan uwa ne da masu neman taimako. Da zarar an san kana iya buɗe kwaɗo, za ka zama wanda ake kira. A lokacin Umarar azumi wani ɗan uwanmu da ya sauka a wurina ya kawo mini akwati mai ɗan kwaɗo, ya ce na abokin tafiyarsa ne da ke masauki a unguwar Misfala ta Makka, makullin ya ɓata. Ban yi shakkar gaskiyarsa ba, amma na ce a kira mai akwatin ta bidiyo ya faɗa da bakinsa, kuma a buɗe yana kallo. Ɗan uwan ya ɗan ji haushi, yana ganin kamar na tuhume shi. Ba tuhuma ba ce, izini na mai abu ne, ba ya wucewa daga hannu zuwa hannu, kuma da wani abu ya ɓata daga akwatin daga baya, da ni da shi ne za a fara kallo. Haka nan miji ba shi da hurumin buɗe akwatin matarsa don kawai ya iya, ko ɗan haya ya buɗe ɗakin wanda suke zama tare don ya ɗauki caja, ko ma'aikaci ya buɗe durowar ofis don kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya yi tafiya da makulli.

Akwai kuma ladabin riƙe kayan kansu. A Japan doka ta hana mallakar irin waɗannan ƙarafa ba tare da dalili karɓaɓɓe ba tun 2003, a Ingila kuma dokar sata ta 1968 ta sa fita da kayan da aka yi niyyar aikata sata da su laifi ne ko da ba a taɓa komai ba, wanda ke nuna cewa hukumomi ba sa kallon ƙugiya a matsayin abin wasa. Shawarata ga duk wanda ke zaune a ƙasar nan ta Saudiyya da igama, wato takardar izinin zama, ita ce ya tambayi masu sana'ar da ke da lasisi kafin ya yi oda, kuma in ya saya, kayan su zauna a gida. Babu dalilin da zai sa su kwana a mota ko su bi mutum kasuwa a aljihu, domin baƙo a ƙasar mutane ba ya buƙatar abin da zai sa ya tsaya yana dogon bayani a shingen bincike. Nuna su a majalisa da na yi ma, da zan sake, ba zan yi ba. Yaron maƙwabcin nan kuwa na bar shi ya kalli kwaɗon roba, amma na ƙi ba shi ƙugiya sai da mahaifinsa ya zo ya zauna tare da mu, kuma kayan ba su bi shi gida ba.

Wani abin da takardar ta yi shiru a kansa shi ne hoto. Haƙoran makulli bayani ne da ake iya karantawa daga hoto mai kyau. A 2014 jaridar Washington Post ta buga hoton manyan makullan da hukumar tsaron filayen jirgin saman Amurka ke buɗe akwatunan matafiya da su, kafin ƙarshen 2015 mutane sun kwafe su da na'urar da ke buga abubuwa da roba, kuma irin waɗannan kwaɗunan ne a jikin akwatunan alhazai da yawa. Duk da haka za ka ga mutum ya karɓi makullin sabon gida ya ɗaga shi a gaban kyamara ya saka a WhatsApp domin a taya shi murna. Mai koyon wannan fanni ya fi kowa cancantar sanin haɗarin, don haka bai kamata ya ɗauki hoton makullin wani ko kwaɗon ƙofar wani ba, balle ya yaɗa. Idan kuma ya lura kwaɗon da ke shagon maƙwabcinsa irin wanda manjagara ke buɗewa cikin daƙiƙa biyar ne, hanyar da ta dace ita ce ya ja shi gefe ya faɗa masa su biyu, ya nuna masa a kan wani kwaɗo irinsa da ya saya da kuɗinsa, ba ya buɗe na ƙofar shagon don ya tabbatar da maganarsa ba, kuma ba ya faɗa a gaban taro ba.

Hukuncina a kan kayan shi ne biyu da rabi cikin biyar. Kwaɗon roba ya cancanci saye domin kwana ukun farko, ƙugiyoyi uku suna aiki bayan an goge su, sauran kuwa nauyi ne a jaka, takardar kuma ta koyar da hannu ta bar abin da ya fi muhimmanci. Ga wanda ya riga ya saya, ina ba shi shawarar ya je wajen masu yankan makulli ya nemi tsofaffin cikin kuba da aka cire daga ƙofofi, waɗanda suke sayarwa da araha ko su bayar kyauta, ya ƙara da sabon kwaɗo ɗaya mai fil huɗu irin Master Lock lamba 3 da masu koyo a ko'ina ke farawa da shi, kafin ya matsa zuwa masu fil mai siffar ƙwarƙwaron zare, wanda aka yi musamman domin ya yaudari ƙugiya ta ji kamar ya zauna alhali bai zauna ba. Ya ware musu kwali guda, ya rubuta a jikin kowanne cewa na koyo ne, domin kada wata rana wani a gidan ya ɗauki wanda ya gaji da ƙugiya ya rufe akwati da shi.

Nawa kwalin yanzu yana da guda bakwai, biyar na buɗe su, ɗaya mai irin wancan fil ɗin ya gagare ni mako na shida ke nan. Na bakwai shi ne tsohon cikin kubar ɗakin ajiya, wanda har yanzu ban iya ciro guntun ƙugiyar daga cikinsa ba, dattijon kuma ya ce in kawo masa ranar Asabar bayan la'asar ya nuna mini yadda ake kwance shi ba tare da sifirin sun tarwatse a ƙasa ba.